Furannina sun ƙone a Jidda, ta ina zan sake farawa?

Tambayar ta zo ne daga wata 'yar'uwa da ke Hamdaniyya, can gefen arewa na Jidda. Ta ce bara suka taso daga tsohuwar unguwarsu suka kama gida mai hosh, wato tsakar gida, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4, rabi tayil rabi ƙasa. Ba ta taɓa shuka komai ba, sai dai ta tashi ta ga kakarta da lalle da ɗoɗɗoya a bayan ɗaki. A watan Yuni ta je mashtal, wato wurin sayar da tsirrai, ta sayo wardi biyu da aka ce mata na Ɗa'ifa ne, da tiren furen bituniya, da ful guda, wato yasmin mai farin fure mai ƙamshi, ta dasa, tana ba su ruwa safe, rana da yamma. Kafin sati uku duk sun bushe, in ban da ful ɗin da ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. Yanzu ga Agusta ta shigo, tana tambaya: hannunta ne ba ya karɓar shuka, ko ƙasar ce ba ta yi? In za ta sake kuma, ta ina za ta fara?

Hajiya, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Hannunki lafiyarsa lau. Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin mashtal da gyaran lambunan gidaje tsakanin Jidda da Bahra, kuma da ni kika miƙa wa waɗannan tsirrai a Yuni kika ce in dasa a hoshinki, a hannuna ma mutuwa za su yi. Kin yi shuka ne da lissafin gida. Mu duk wanda ya fito daga ƙasar Hausa, ko iyayensa suka fito, yana ɗauke da wata kalanda a cikin kansa: Yuni ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, a fita da iri. A nan kuwa Yuni bakin wuta ne. A Yunin 2010 ma'aunin zafi ya kai digiri 52 a Jidda. Ruwan da garin ke samu a shekara, in an yi matsakaici, bai cika wuce milimita 60 ba, alhali Kano na samun fiye da ninki goma na wannan. Ɗan abin da ke sauka ma tsakanin Nuwamba da Janairu yake zuwa, wani lokaci a dunƙule, kamar ranar 24 ga Nuwamba 2022 da aka auna milimita 179 cikin awa shida. Saboda haka daminarmu ta nan tana farawa daga tsakiyar Oktoba ta ƙare wajen Maris. Larabawa na lissafin fitowar tauraron Suhail ranar 24 ga Agusta a matsayin alamar zafi ya fara karyewa, amma mu na bakin Bahar Maliya mun san Satumba ma gumi ake sha. Ki bar dashe sai dare ya fara yin daɗin zama a waje.

Wata biyun da ke gabanki ba na zama ba ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin farko ba ya buƙatar ko riyal ɗaya: ki san inda rana take bi a hoshinki. Ki zaɓi yini guda ki fita da ƙarfe 8 na safe, da azahar, da la'asar, ki ja layi da alli ko gawayi a inda inuwa ta tsaya. Gindin katangar da ke samun hantsi ta kuma shiga inuwa bayan azahar, shi ne wuri mafi daraja a gidan, nan za ki ajiye abin da kike ji da shi. Inda ranar la'asar ke duka kai tsaye kuma, katangar takan sha zafi ta riƙa amayar da shi har bayan isha. Ki ɗora tafin hannu a kanta da magariba za ki ji. Sai tsirrai masu taurin rai ke zama nan. Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: inuwar tana tafiya da watanni. Ranar 27 ko 28 ga Mayu, da 15 ko 16 ga Yuli, rana kan tsaya cak a saman Ka'aba da azahar, mu kuma muna nan kusa, to a tsakanin waɗannan ranakun babu katangar da za ta ba ki inuwar kirki da tsakar rana. A Disamba kuwa rana ta karkata kudu, katangar kudu ta shimfiɗa doguwar inuwa cikin hosh. Wurin da kika ga yana da inuwa lokacin sanyi, shi ne zai zama tanda a bazara.

Daga nan sai ƙasa, kuma a nan nake son ki fi ba da ƙarfi, don a nan mafi yawan lambunan sababbin unguwanni ke mutuwa tun ba a dasa komai ba. Abin da kike gani a matsayin ƙasa a hoshin sabon gida sau da yawa cikon magina ne: ɓaraguzan bulo, busasshen siminti, guntayen tayil, leda, wani lokaci har gwangwanin fenti, an rufe da ɗan yashi a sama. Siminti na ƙara wa ƙasa kanwa-kanwa, ƙasarmu kuwa dama can haka take. Ki sa a haƙa miki rami mai zurfin santimita 50, ki duba abin da ya fito. Sannan ki cika ramin da ruwa, ki bari ya tsotse, ki sake cikawa, ki duba agogo. In ruwan na biyu ya ɓace cikin 'yan mintuna, rairayi ne zalla, ba zai riƙe ruwa ko taki ba. In ya kwana yana nan, akwai dandaɓe a ƙarƙashi, saiwa za ta ruɓe. Abin da ake so shi ne ya tafi a hankali cikin awa biyu zuwa huɗu.

Ko wanne kika samu, maganin kusan ɗaya ne. Ki fitar da komi guda ɗaya tak, faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya don hannunki ya kai ƙarshensa ba tare da kin taka ciki ba, tsawonsa mita 3 ya isa. A kwashe cikon har zurfin santimita 40 zuwa 50, a fasa dandaɓen ƙasan da diga, a zuba ƙasar noma wadda masu mashtal ke sayarwa. Kafin a sauke miki, ki ɗebi kaɗan ki jiƙa ki dunƙula a hannu. Mai kyau za ta dunƙulu, ki taɓa ta da yatsa ta watse. In ta zama kamar yumɓun ginin tukunya, ki haɗa da yashi mai kauri. In ta ƙi dunƙuluwa sam, tana buƙatar taki da yawa. Ki haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Na ce ruɓaɓɓe, kuma ina nufin wanda ya yi baƙi, ya daina wari, ya koma ƙamshin ƙasa. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi da gishiri. Na taɓa karɓar mota guda daga wani mai kawo taki da ya rantse mini ya shekara a ajiye, na zuba a komaye goma sha biyu na wani gida, kwana huɗu ganyen ya soye kamar an bi shi da wuta. Tun daga ranar nake tura hannu cikin tsakiyar tarin kafin in biya. In na ji ɗumi, bai gama ruɓa ba. Ke da kike farawa, ki sayi na buhu wanda aka riga aka sarrafa, na tumaki ko na shanu, ya fi miki kwanciyar hankali, kuma ba ya zuwa da 'ya'yan aya-aya da kiri-kiri, waɗanda in suka kama komi sai kin yi shekara kina yaƙi da su.

Idan an gama haɗawa, ki sa zafin nan da ya kashe miki furanni ya yi miki aiki. Ki jiƙa komin sharkaf, ki rufe da farar leda mai nuna ciki, ki danne gefunanta da ƙasa don kada iska ta shiga, ki bar ta sati huɗu zuwa shida. Rana za ta dafa saman ƙasar, ta kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da tsutsar da ke cin saiwa. Kina cire ledar a farkon Oktoba, ki ba komin ruwa mai yawa sau biyu ko uku a jere don gishirin ya sauka ƙasa, ki bar shi ya sha iska sati guda.

In gidan haya ne, ki fara neman izinin mai gida kafin a taɓa tayil, kuma ki tambaye shi inda tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ramin bayyara, wato ramin masai da ƙazamin ruwa, suke. Wannan na da muhimmanci ga abin da zan faɗa kan itatuwa. Ɓangaren tayil kuma tukwane za su riƙe shi. Ki guji baƙar roba a rana, tana dafa saiwa. Tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta ba ta fi, saboda dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi: tana zufa, zufar na sanyaya cikinta. Ki ɗauki babba, mai huji a ƙasa, ki ɗora ta kan bulo biyu don kada zafin tayil ya hau ta.

Sai ruwa. Ruwan famfon Jidda daga teku aka tace shi, mafi yawansa daga matatar Shu'aiba da ke kudu da gari, kuma yana da kyau ga shuka. Inda matsala take shi ne wayit, wato motar tankar ruwa. In za ki kira tankar ruwa, ki tabbatar ruwan sha ne, don akwai na rijiya mai ɗanɗanon gishiri wanda magina ke amfani da shi, kuma tanka ɗaya ta irinsa na iya lalata ƙasar da kika sha wahalar haɗawa. Alamar gishiri ba ta ɓuya. Za ki ga farin ɓawo a saman ƙasa da bakin tukunya, kamar an barbaɗa kanwa, gefen ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa alhali tsakiyarsa kore. Idan kin ga haka, ki kankare ɓawon da cokali ki zubar, ki kwarara ruwa mai daɗi har ya riƙa fita ta ƙasan tukunyar.

Akwai kuma ruwan da kike zubarwa kullum ba ki sani ba, wato na mukayyif. Iskar Jidda cike take da laima, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana tatse ta ta ɗigo ta bututu. Ruwan nan ba shi da gishiri ko kaɗan. Ki sa jarka a bakin bututun yau da daddare ki duba da safe. A gidana, a watannin gumi, na ɗaki biyu ke shayar da tukwane goma. Ki haɗa da ruwan alwala da na wankin shinkafa da ganye. Na injin wanki ne kawai ban yarda da shi ba, sabulun gari da bilic suna tara gishiri a ƙasa. Jarkar kuma ta zama mai murfi, kada kuma ki bar ruwa ya kwana a farantin da ke ƙarƙashin tukunya. Tun 1994 aka san zazzaɓin dengi a garin nan, sauron da ke kawo shi kuwa a ruwa mai tsabta da ke kwance cikin gida yake ƙyanƙyasa. Lambun da zai kwantar da yaro asibiti ba shi da amfani.

Ban-ruwa sau uku a yini da kike yi, shi ya ƙarasa abin da rana ta fara. Tsiro kan yi yaushi da azahar ko da ƙasarsa a jiƙe take, don ganyen na zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa. Mai farawa ya gani sai tausayi ya kama shi ya ƙara ruwa, saiwar ta rasa iska, ta ruɓe, tsiron ya ƙara yaushi, a ƙara masa ruwa. Ga shi kuma ruwan da ke saukowa daga tankin saman bene da rana tsaka kusan tafasasshe ne. Ƙa'idar da nake koya wa yaran da ke aiki tare da ni ita ce yatsa. Ki tura manuniya cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, ki bar shi. In kin ji bushewa, ki ba shi ruwa sosai a gindi, a hankali, har ya ratsa. Lokacinsa bayan sallar asuba. Da sanyi zai iya zama bayan kwana biyu ko uku, da bazara kullum, tukwane ƙanana ma wani lokaci har da magariba. Ki shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace kaurin yatsa uku a saman komin, ba tare da ya taɓa jikin tsiron ba, za ki ga ƙasar ta daɗe ba ta bushe ba. Daga baya in lambun ya kafu, ki sa bututun ɗigo da ɗan agogonsa mai batir, shi zai riƙe miki in kin tafi Madina ko kin je gida ganin dangi.

Yanzu ga maganar wardin Ɗa'ifa, wanda na san shi ya fi ci miki rai. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ɗa'ifa na kan dutse, sama da mita 1,800 daga teku, gonakin wardin kuma suna Hada da Shafa inda sanyi ke kama mutum har ƙashi. Wardin nan sau ɗaya yake fure a shekara, wajen Maris zuwa Afrilu, a tsinke shi da sassafe a kai matatar turare, kuma sanyin hunturu ne ke shirya shi ya yi wannan furen. Jidda ba ta da sanyin da za ta ba shi. Ko ya rayu a hoshinki, ganye zai yi ta yi. Wardi na gama-gari yakan yi fure a nan lokacin sanyi in ya samu hantsi kawai, amma yana da shagwaɓa, ki bar shi sai shekara ta biyu. Bituniya kuwa ba laifinta, furen sanyi ce, daga Nuwamba zuwa Maris za ta cika miki ido. Wadda kika saya a Yuni ragowar kakar da ta wuce ce, ko kuma daga rumfa mai sanyi aka fito da ita.

Idan ƙamshi kike nema, kin riga kin sayi sarkinsa ba ki sani ba. Ful ɗan zafi ne, shi ya sa ya zauna daram a Jizan, inda ake saƙa shi a yi wa amare ado. Yana son hantsi, ƙasa mai taki, da ruwa a kai a kai. Da la'asar za ki ga 'yan ƙullutun fari kamar haƙoran jariri a bakin rassa, a rufe ruf. Ki tsinko tafi guda ki zuba a faranti da ɗan ruwa ki ajiye a ɗaki. Kafin a idar da isha sun buɗe, ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. A kan sabon toho yake fure, don haka a Fabrairu ki rage masa rassa da kamar kashi ɗaya cikin uku, ki ba shi taki, da zafi ya shigo zai biya ki. Kusa da shi ki sa lalle. Mu ganyensa muka sani, amma furensa, wanda Larabawa ke kira fagiya, yana da ƙamshin da ke bin iskar dare har waje, ga shi ba ya tsoron rana ko ɗan gishiri. Ki ƙara da rihan, ɗoɗɗoyar nan ta kakarki, a bakin ƙofa inda tufafi za su riƙa goga ta. In kina tsinke kanta kafin ta yi 'ya'ya, za ta yi ta yaɗuwa.

Katangar da ranar la'asar ke duka kuma ta jahannamiyya ce, wadda kike gani ta lulluɓe katangu da ja da ruwan hoda da fari a ko'ina cikin gari. Abu biyu kawai za ki kiyaye. Saiwarta ba ta son a taɓa ta, don haka ki yanka ledar ko robar da ta zo ciki, ki sa ta a rami da ƙasarta a dunƙule. Na biyu, in ta kafu, ki rage mata ruwa da taki. Mutane da yawa na zuwa mini da kukan tasu ta yi ganye shar ba launi. Gata ne ya yi mata yawa. Sai ta ɗan ji ƙishi take fitar da kala. Tana da ƙaya, kada ki sa ta a hanyar yara. A ƙasanta ki jera winka, tazarar santimita 30 tsakani. Ita ce furen da ke tsaye a Agusta lokacin da kowa ya faɗi, kuma abin da ke kashe ta ɗaya ne, yawan ruwa. A bakin komi ko cikin tukwane masu faɗi ki sa rijla mai fure, wadda ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma. Ita ko reshe kika karya kika soka a ƙasa zai kama.

Akwai wata da nake son ki nema da sunanta. A mashtal za su ce miki wardar sahara, wasu su ce adaniyum. Kariya ce, Hajiya, kariyarmu ta ƙasar Hausa, mai kumburarren gindi da fure ja-ja da fari, wadda ke fure ko ba ganye a jikinta. Tana fitowa da kanta a duwatsun kudu maso yammacin ƙasar nan. Ranar da na fara ganinta a jere cikin tukwane ana sayarwa da tsada, na daɗe a tsaye ina kallo, don a garinmu a bakin shinge take ba mai kula ta. Tukunyar ƙasa, ƙasa mai yashi da tsakuwa, rana sosai, ruwa sai ta bushe ƙayau. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, ki wanke hannu in kin yanka ta, ki ɗaga ta inda yaro ba zai kai ba. Difla kuma, wadda ake jerawa a tsakiyar tituna, kada ki shigo da ita gida mai yara ko dabba. Ganyenta da furenta da itacenta duk guba ne, har hayaƙinta in an ƙona.

Kan itatuwa, za a ba ki shawarar bazromiya saboda saurin girma. Ki ƙi. Saiwarta na bin ruwa duk inda yake, ta fasa bututu, ta shiga tanki, ta ɗaga tayil. Darbejiya itace ce mai albarka, duk wanda ya tsaya a Arfa ya sha inuwar dubbanta da aka dasa a filin, amma ta fi ƙarfin hosh mai mita 6. Zogale ya ishe ki. Yana tashi da sauri, inuwarsa shara-shara ce wadda fure ke so, yana yin farin fure, ga miya da kwaɗo. Ki riƙa sare kansa in ya wuce tsayin mutum don ya yi rassa, kuma ki nisanta shi da tanki. Kafin ya girma, daga Mayu zuwa Satumba ki ɗaura ragar inuwa mai tare rabin rana a saman komin, sama da kai, gefuna a buɗe don iska ta wuce.

Ranar sayayya, ki je mashtal da yamma, ki wuce layin gaba inda aka jera masu fure fal, ki nemi ƙanana masu toho da ƙullutun da bai buɗe ba. Ki ɗaga tukunya ki duba ƙasanta: in saiwa ta fito ta nannaɗe, ya daɗe a ciki. Ki juya ganye ki duba bayansa. Ki tambayi mai wurin ko a waje tsiron yake kwana ko cikin rumfa. In na rumfa ne, ki ajiye shi a inuwa mai haske sati guda, kina ƙara masa rana kaɗan-kaɗan, kafin ki dasa. Dashe bayan la'asar ake yi, a zurfin da yake a tukunyarsa, a bi shi da ruwa nan take. A shekarar farko kada ki wuce iri shida ko bakwai. Kuma ki sayi ƙullin irin ziniya da na ƙaɗifa, mai ruwan ɗorawa da ruwan lemo, ki shuka da hannunki a ƙarshen Oktoba. Cikin sati suke tsirowa, wajen wata biyu su yi fure. In tsiron ya kai tsawon tafin hannu ki tsinke kansa, zai yi rassa da yawa maimakon ya tafi sanda ɗaya. Furen da ya bushe kuma ki riƙa cirewa, shi ke sa wani ya fito.

Taki na zamani ba ya buƙatar dogon bayani. Wanda ake narkawa a ruwa, mai lamba 20-20-20, ƙaramin cokali ɗaya a lita 5, bayan sati biyu-biyu lokacin sanyi, a kan ƙasa mai danshi. Da tsananin zafi ki dakata. In kika ga sabon ganye ya yi ɗorawa amma jijiyoyinsa kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ƙasarmu mai kanwa ke riƙe shi ta hana saiwa. Ki nemi jan garin hadid, wato sinadarin ƙarfen, a shagon kayan noma, yana gyarawa cikin sati biyu. In tsofaffin ganyen ƙasa ne ke ɗorawa suna zubewa, ki fara zargin ruwa.

Ƙwari za su zo, musamman wani fari mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar ganye, da darɓa a kan sabon toho. In kin ga kiyashi na hawa da sauka a jikin tsiro, ki bi su, za su kai ki inda ƙwarin suke, don zaƙin da suke fitarwa kiyashin ke sha. Tun suna kaɗan ki wanke su da ruwa mai ƙarfi, ko ƙaramin cokali na sabulun ruwa a lita ɗaya, ki fesa da magariba har bayan ganye, ki maimaita bayan kwana biyar. Manoman gida sun daɗe suna daka 'ya'yan darbejiya su jiƙa su kwana, su tace su fesa, kuma yana aiki a nan kamar yadda yake yi a can.

Ful ɗinki kuma kada ki tumɓuke shi tukuna. Ki kankare ɓawon reshe kaɗan da farce, ki fara daga sama kina sauka. Duk inda kika ga ruwan ƙasa a bushe, ya mutu, ki yanke. Inda kika fara ganin kore mai danshi, nan rai yake, ki tsaya. In a komi yake, ki kafa masa inuwa da tsohon zane ko kwali ta ɓangaren yamma. In a tukunya yake, ki ja shi inda hantsi kawai zai same shi. Kada ki ba shi taki ko kaɗan yanzu, ruwa kuma sai yatsa ya ce. In akwai kore ko da a gindi ne, ki ba shi sati uku, za ki ga 'yan jajayen idanu sun fara ɓullowa a gaɓoɓin reshen.